Yadda za ka shawo kan faɗan kifayen sikilid a tankin gilashi na gida

A shekarar da na fara ajiye kifin ado a ɗakina a Birnin Kebbi, wasu jajayen kifaye guda shida na zuba a tankin gilashi mai cin lita 60, irin waɗanda masu sayarwa ke kira juwel, 'yan dangin kifayen da ake kira sikilid. Sati uku suna zaune lafiya. Ran nan na dawo daga sallar asuba na haska tocila, sai na tarar biyu sun yi ja wur kamar garwashi sun kafe a kan wani faffaɗan dutse, sauran huɗun kuma sun takure a kusurwar sama, wutsiyoyinsu a yage. Kafin la'asar ɗaya ya mutu. Abin ya daɗe yana damuna, domin ni na kulle su a inda babu mafita.

Da na ba wani dattijo masunci labari a bakin gulbi, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, ai ko karfasa in ta share gurbi a yashi ba ta barin kowa ya raɓe shi. Sai dai a gulbi wanda aka kora yana da wurin zuwa." Na ce, "To Baba, a cikin gilashi fa?" Ya ce, "Wannan kuma kai za ka nema masa."

Duk abin da zan faɗa a nan a kan wannan maganar ya ginu. Ba za ka raba sikilid da faɗa ba, halittarsa ce. Yana yi ne don wurin zama, don mace, don 'ya'ya. Aikinka shi ne kada dukan ya taru a kan kifi ɗaya, kuma wanda aka fi ƙarfi ya samu inda zai ɓace wa idon mai korarsa. Wanda ya san hadisin matar nan da ta kulle kyanwa ta hana ta abinci ya san cewa dabbar da ka tsare, haƙƙinta na wuyanka.

Mataki na farko: san wanda ka ajiye

Sikilid dangi ne babba, mai iri fiye da 1,600 da masana suka riga suka sa wa suna, yawancinsu a Afirka da Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Karfasar da ake soyawa a Yawuri da Argungu 'yar wannan dangin ce. Juwel ma ɗan Afirka ta Yamma ne, 'yan'uwansa na nan a kogin Kwara. Kowane reshe na dangin da irin faɗansa, kuma maganin wani guba ne ga wani, shi ya sa na fara da wannan.

Akwai na tafkin Malawi, musamman waɗanda ake kira mbuna, masu shuɗi da rawaya da zane-zane. A can cikin duwatsu suke rayuwa, suna kankarar gansakuka. Namiji yakan kama ɗan yanki na dutse ya tsare, ya yi ta jawo mata ɗaya bayan ɗaya, macen kuma ta kwashe ƙwan a bakinta ta tafi. Faɗansu na kullum ne, kuma ya fi tsanani tsakanin maza masu kama da juna. Ko a cikinsu akwai bambanci: rawayan nan da ake kira yalo lab yana da sauƙin kai, amma auratus, wanda ƙanana da matansa rawaya ne masu baƙin zane sannan namijin ya rikiɗe ya yi duhu in ya balaga, yana iya gamawa da tanki guda shi kaɗai. Akwai kuma pikok, su ma 'yan Malawi ne, sun fi mbuna sanyin hali, kuma in an haɗa su mbuna ne ke cin zalinsu.

Kashi na biyu su ne masu zaman miji da mata: juwel, da konbik na Amurka ta Tsakiya, da kiribensis na kudancin Najeriya da Kamaru. Waɗannan suna manna ƙwai a kan dutse ko cikin kogo, uwa da uba su tsaya gadi tare. Za ka rantse salihai ne har ranar da suka yi ƙwai. Abin da ya faru da ni ke nan.

Sai manya, irin oska na yankin Amazon da ke kai santimita 30 ko fiye, da fulawahon mai ƙullutu a goshi, wanda masu kiwo a kudu maso gabashin Asiya suka samar ta hanyar barbarar iri daban-daban. Duk abin da ya shiga bakin oska abinci ne, wannan ba ma faɗa ba ne. Fulawahon kuwa shi kaɗai ake ajiye shi, kada ka wahalar da kanka wajen nema masa aboki.

Anjel da diskas su ma sikilid ne, amma masu laushi. Dogayen fikafikan anjel ba sa kwana biyu a gaban mbuna.

Saboda haka kafin kuɗi ya bar aljihunka, tambayi mai sayarwa abu uku: sunan kifin, iyakar girmansa, da asalin ruwansa. In bai sani ba, ɗauki hoto da waya ka bincika a intanet. Ni dai ba na sayen kifin da ba a san sunansa ba, komai kyansa. Kuma kada ka gauraya 'yan Malawi da 'yan Amazon. Ruwan Malawi mai nauyin ma'adinai ne, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko rashin tsamin ruwa, tsakanin 7.7 da 8.6, na Amazon kuwa mai laushi ne da ɗan tsami. Abincinsu ma ba ɗaya ba ne.

Mataki na biyu: zauna ka kalla

Mutane da yawa suna tsallake wannan, su ruga sayen magani. Kifi na ganinka zai taso gaban gilashi yana neman abinci, duk rigimar ta lafa, ka ɗauka lafiya lau. Ja kujera baya kamar taku uku, ka zauna shiru minti goma sha biyar, safe da yamma, kwana uku a jere.

Abin da za ka gani iri biyu ne. Akwai barazana: kifi ya buɗe murfin numfashinsa na gefen kai, ya miƙe ƙayar baya, ya juya gefe yana kaɗa jiki don ya nuna girma, ya kori wani ɗan taƙi kaɗan ya dawo wurinsa. Wani lokaci biyu su kama bakin juna suna turereniya kamar 'yan kokawa, na ɗan lokaci, ɗaya ya saki ya tafi. Wannan duk daidai ne, ta haka suke sanin babba da ƙarami. Namiji mai neman mace ma yakan yi karkarwa a gabanta ya ja ta zuwa ramin da ya tona, kada ka ɗauke shi faɗa.

Na biyun shi ne abin tsoro. Kora ba ta tsayawa, daga wannan bango zuwa wancan, kuma kullum kifi ɗaya ake bi. Za ka gan shi ya rataye a kusurwar sama, ko ya lafe bayan matatar ruwa, launinsa ya koɗe, fikafikansa a matse, yana numfashi da sauri. In an zuba abinci ba ya fitowa. Wutsiya ta yage, ɓawon jikinsa ya ɗaɗɗaye, leɓe ya yi fari. Kifin ƙasa da ya koma zaman kusurwar sama ya riga ya rasa ko'ina a tankin, kuma sau da yawa ba cizon ne ke kashe shi ba, firgici da yunwa ne ke karya garkuwar jikinsa cuta ta ƙarasa.

Lura da waye ke kora, wa ake kora, a wane wuri, kuma a wane lokaci. In lokacin abinci ne kawai, matsalar mai sauƙi ce. In a kusa da dutse ɗaya ne, duba da kyau, wataƙila akwai ƙwai.

Mataki na uku: fitar da wanda ya ji rauni yau, ba gobe ba

Duk mai ajiye sikilid ya kamata ya mallaki wuri na biyu. Ba sai gilashi ba. Sabuwar robar wanka mai cin lita 30 zuwa 40, wadda sabulu bai taɓa shiga ba, ta isa. Cika ta da ruwan tankin da kifin ya saba da shi, ka sa dutsen iska, wato ɗan dutsen da ake jona wa injin iska yana fitar da kumfar iska a cikin ruwa, ka kifa ɗan kasko ko guntun bututun roba don ya ɓuya, ka rufe da raga saboda kifin da ya firgita yana tsalle. Ajiye ta inda babu hayaniyar yara.

Babban maganin rauni shi ne ruwa mai tsabta. Canza kashi ɗaya cikin huɗu kullum ko bayan kwana biyu. Za ka iya ƙara gishiri tsantsa, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a kowace lita biyar, ka narkar da shi a kofi tukuna kafin ka zuba. In ka canza ruwa, gishirin abin da ka ɗebe kawai za ka mayar, domin gishiri ba ya bin iska. Wutsiyar da ta yage tana tsirowa cikin 'yan makonni in cizon bai kai tushe ba. In ka ga farin abu kamar auduga ya fito a kan raunin, ko jan ya yi ta yaɗuwa, to ya wuce gishiri, nemi maganin kifi wurin likitan dabbobi ko masu kiwon kifi da suka san aikin. Kada ka mayar da shi tankin sai ya warke yana cin abinci sosai, kuma sai ka gyara abin da ya jawo dukan.

Mataki na huɗu: gyara gidan

Nan ne rabin aikin yake. Sikilid faɗin ƙasa yake lissafi, ba zurfi ba. Dogon tanki mai faɗi ya fi tsayayye mai kama da randa ko da ruwansu ɗaya. Don sanin abin da naka ke ci, auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Mai 120 da 45 da 45 zai ba ka lita 243, in ka cire wurin yashi da duwatsu ya rage kamar 200. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da nake ba da shawara ga mbuna. Oska ɗaya tak yana son lita 280 zuwa 300. Miji da matar juwel ko konbik za su zauna a mai tsawon santimita 80 zuwa 90, su kaɗai. Ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka in za ka ba mai walda aikin teburin, gaya masa zai ɗauki fiye da kilo 250.

Sai tsarin ciki. Dokar a nan ɗaya ce: kifin da ke wannan gefe kada ya hango wancan gefe kai tsaye. Sikilid abin da idonsa ya gani yake kora, da zarar wanda yake bi ya sha kwana ya ɓace masa, yawanci sai ya koma wurinsa. Tankin da aka zuba yashi aka ajiye dutse ɗaya a tsakiya don ado filin dambe ne. Kogo ɗaya a tsakanin kifi goma kuma gayyatar rigima ce.

Ga mbuna, tara duwatsu tsibi biyu ko uku, su tashi har rabin tsayin ruwa ko fiye, da ɗan fili tsakaninsu. Ramuka su fi yawan kifayen, wasu kuma su zama masu ƙofa biyu don wanda aka bi ya shiga ta nan ya fita ta can. Rami mai ƙofa ɗaya tarko ne. Ka sa ƙananan ramuka da mata za su shiga amma babban namiji ba zai iya ba. Ba sai ka kashe kuɗi kan kayan ado na waje ba: ƙananan tukwanen ƙasa da ba a shafa musu fenti ba, fasassun kasake da aka goge kaifinsu, guntayen bututun ruwa na roba, da duwatsun bakin gulbi masu santsi duk suna aiki. Goge su da buroshi da ruwan zafi, ban da sabulu ko omo. Dutsen da ke da tsatsa ko ƙyalƙyalin ƙarfe ka bar shi inda ka gan shi.

Abu ɗaya da ya fasa tankuna da yawa: sikilid matona ne. In ka ɗora dutse a kan yashi za su kwashe yashin ƙarƙashinsa da baki, tsibin ya rufto a kan gilashi ko a kan kifi. Fara ajiye duwatsun a ƙasan tankin, a kan siririn faifan roba, ka girgiza su da hannu ka tabbatar sun zauna, sannan ka zuba yashi a kewaye.

Rufe bayan tankin da baƙar takarda ko shuɗiya daga waje. Wasu mazan sukan wuni suna faɗa da inuwarsu a gilashi, kuma kada ka bar yara su riƙa kanga musu madubi.

Mataki na biyar: yawansu, da maza nawa mata nawa

Ga masu mata da yawa irin mbuna da pikok, namiji ɗaya ga mata uku ko huɗu. In mace ɗaya ce, zai dame ta da nema har ta galabaita. Mafi munin lissafi shi ne maza biyu na iri ɗaya, domin ƙaramin ba shi da wanda zai raba dukan da shi. Ko ɗaya, ko kuma da yawa a babban tanki. Haka nan guji haɗa iri biyu masu launi da zane iri ɗaya, shuɗi mai baƙin zane da wani shuɗi mai baƙin zane, saboda namiji na ɗaukar duk mai kama da shi a matsayin kishiya. Rawaya zalla da shuɗi mai zane sun fi zama lafiya.

Gane namiji tun suna ƙanana yana da wuya. Ɗigon nan masu kama da ƙwai a fiffiken ƙasa kusa da wutsiya sun fi yawa ga maza, amma wasu matan ma suna da su. Hanyar da ta fi ita ce ka sayi ƙanana takwas ko goma masu girma ɗaya, su tashi tare, in maza sun bayyana ka rage su.

Akwai dabarar da masu ajiye mbuna a duniya ke amfani da ita, wato cika tanki da gangan. A lita 240 a zuba 12 zuwa 15. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: mai faɗan ya fara bin wannan, wani ya gitta, ya rikice, babu wanda zai iya mallake yanki babba. Dabarar tana aiki, na gwada. Amma zan faɗa maka abin da masu rubutu daga Turai ba su da dalilin faɗa. Tankin da aka cika da kifi, numfashinsa na hannun wutar lantarki. Kifi goma sha biyar a ruwan da ya yi ɗumi, aka ɗauke wuta da tsakar dare a watan Afrilu, matatar ruwa ta tsaya, injin iska ya tsaya, kafin gari ya waye za ka same su a saman ruwa suna haki, manyan su ne ke fara mutuwa. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin matatar, waɗanda ke narkar da gubar amoniya da ke fitowa daga ƙazantar kifi, su ma suna fara mutuwa in ruwa ya daina ratsa su na sa'o'i masu yawa. Don haka in ba ka da sola ko inbata, ko aƙalla injin iska mai batir da ke tashi da kansa, kada ka bi wannan hanya. Ajiye iri ɗaya mai sauƙin kai, namiji ɗaya da mata huɗu ko biyar, da duwatsu masu yawa. Kuma dabarar ta mbuna ce kawai. In ka yi ta da juwel ko oska, gawa za ka kwasa.

Wasu na tambaya ko za a iya haɗa su da kifin gulbinmu. Ƙurungu yana zama da sikilid na Afirka, ƙayoyinsa na kare shi, sai dai da dare yana cin ƙwai da 'ya'ya, kuma wasu irinsa na girma sosai. Tarwaɗa kuwa a'a, za ta girma ta haɗiye kowa.

Mataki na shida: abinci, zafi da ruwa

Kada ka zuba abinci wuri ɗaya. Watsa shi a gefe biyu ko uku lokaci guda, babban ba zai iya tsare duka ba. Sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Abincin tarwaɗa da ke cike kasuwa an yi shi ne don ƙiba da sauri, furotin da mai sun yi wa mbuna yawa, kuma yana jawo musu kumburin ciki mai kisa. Nemi mai sinadarin ganye irin sifirulina, ka ƙara da alayyafo ko latas da aka tsoma a ruwan zafi, ko yankan kokwamba. Cire ragowar bayan 'yan sa'o'i. Kuma daina jefa wa oska ƙananan kifaye masu rai don kallo, cuta suke shigo da ita.

Zafi yana da hannu a faɗa fiye da yadda ake zato. 'Yan Malawi sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 27. In ruwa ya ɗumama jikinsu na ƙara sauri, yunwa da neman mace su ƙaru, iskar da ke cikin ruwan kuma ta ragu. A nan Kebbi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin gari ke haura 40, ruwan ɗaki na wuce 30 cikin sauƙi. Sayi ma'aunin zafi, ba shi da tsada. Nisanta tankin daga taga da bangon da rana ke duka. Cire murfin gilashi ka sa raga, ka saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Da yake iskarmu busasshiya ce, wannan na sauke digiri biyu ko uku, sai dai ka riƙa cike ruwan da ya ƙafe. Kashe fitilar tankin da rana. Kada ka juye ƙanƙara a ciki, saurin sauyin ya fi zafin illa. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, sanyin dare na iya sauke ruwan ƙasa da 22, a nan hita mai saita kanta ke da amfani.

Canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan kowane mako, in tankin cike yake har rabi. In ruwan famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe da dutsen iska ko ka sa maganin cire kulorin. In na burtsatse ne daga tankin saman rufi, kada ka ɗiba da rana tsaka yana tafasa, tara shi da dare ya huce. Soson matatar ruwa da ruwan tankin da ka ɗebe ake wanke shi, ba da na famfo ba. Sabon tanki kuma yana buƙatar sati huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin matatar su kafu, don haka kada ka cika shi da kifi a makon farko.

Mataki na bakwai: lokacin ƙwai da 'ya'ya

In juwel ko konbik suka share dutse suna ƙara launi, ka sani sauran kifayen tankin sun shiga uku. Iyayen za su mallake kusan ko'ina, kuma in 'ya'yan sun fara yawo, iyakar na tafiya tare da su. Kwashe sauran kifayen ya fi sauƙi a kan taɓa iyayen. In babu wuri, raba tankin biyu da ragar roba mai tauri da ruwa ke ratsawa, ka tabbatar ta kai ƙasa ta cikin yashi kuma ta wuce saman ruwa.

Haɗarin da ba a cika lura da shi ba yana tsakanin mijin da matar. In ƙwan ya lalace, ko ka kwashe 'ya'yan gaba ɗaya, namijin kan so sabon ƙwai nan take, macen ba ta shirya ba, sai ya huce a kanta. Bar musu 'ya'ya kaɗan su ci gaba da reno. Dabara mai kyau kuma ita ce ka huda ragar rabawar daidai girman macen, wadda yawanci ta fi ƙanƙanta, ta riƙa wucewa ɗaya gefen in ya matsa mata, shi kuwa ba zai iya bi ba.

Ga 'yan Malawi, za ka ga maƙogwaron mace ya kumbura, ta daina cin abinci, tana motsa baki kamar mai tauna. Ƙwai ne a ciki, kuma kimanin sati uku za ta yi haka. In akwai ramuka isassu ka ƙyale ta. In ana korarta, bari ta yi kamar sati biyu, sannan ka lallaɓa ta cikin kwano a ƙarƙashin ruwa ka kai ta robar jinya. In ka fizge ta da koma tana iya tofar da su. Bayan ta saki 'ya'yan, ciyar da ita sati ɗaya ko biyu ta mayar da jiki kafin ta koma, in ba haka ba namijin zai same ta a rame.

Mataki na takwas: shigo da baƙo

Sabon kifi, na shago ne ko na gulbi, ya yi sati biyu zuwa huɗu a keɓe tukuna. Ranar shigarwa, ciyar da na ciki, canza ruwa, sannan ka rushe tsarin duwatsun gaba ɗaya ka sake shi, ta yadda kowa zai zama baƙo yana neman wuri. Saki sababbin da dare ka kashe fitila har washegari. Shigo da uku ko huɗu tare, masu girma kusa da na ciki. Ƙaramin kifi ɗaya tilo a tankin da kowa ya riga ya kama wurinsa ba ya kai labari.

In duk an yi, ɗaya ya ƙi ji

Fitar da shi, ka ajiye shi shi kaɗai kwana goma zuwa sati biyu, ka sauya duwatsu, ka mayar da shi da dare. Wani lokaci yana dawowa ya tarar an naɗa wani, ya sauke kai. Wani lokaci kuma cikin awa ɗaya ya karɓe mulkinsa. Ka kuma shirya ganin na biyunsa ya miƙe ya ɗora daga inda ya tsaya, har ma ya fi shi, don haka ci gaba da zaman kallon nan bayan ka cire shi. In ka gwada sau biyu bai canza ba, wannan kifin ba na zaman taro ba ne. Ba shi tankinsa, ko ka mayar wa mai shago a yi musanya, ko ka ba wani mai babban wuri, ka kuma gaya masa halinsa tsakani da Allah.

Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne ka ɗauke shi a leda ka juye a gulbi ko fadama da sunan tausayi. Giwan ruwan nan da ake alfahari da shi a Matan Fada lokacin bikin Argungu, a ruwanmu ɗan gida ne. Amma da aka kai shi tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma yana cikin manyan dalilan da suka sa kimanin iri 200 na sikilid ɗin can suka ɓace. Konbik da fulawahon kifaye ne masu juriya da saurin haihuwa, ruwanmu kuma ɗumi gare shi kusan duk shekara, ga cutar da za su iya kai wa karfasar da masunta ke ci da iyalinsu da ita. Ko kifin gulbi ne ka kamo, in ya riga ya zauna da na waje a tanki ɗaya, kada ya koma. Ruwan da ka canza ma a gindin shuka za ka zuba shi, ba a kwatar da ke gangarawa gulbi ba.